Yajin Jegon Shatu

Tun Nasara bai taka ƙasar nan ba, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni, an yi wata mata mai suna Adda, matar Halliru. Mutanenta makiyaya ne, a ruga aka haife ta, aure ne ya kawo ta cikin gari. In ana zancen mata masu kunya a ƙauyen, da ita ake farawa. 'Yarta ta fari Shatu ce, amma wallahi babu mahalukin da ya taɓa jin sunan nan a bakinta. "Waccan" take cewa, ko "yarinyar gidan nan". Haka aka san uwa tagari da 'yar fari: ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata fara'a a gaban mutane, ko faɗuwa ta yi ta fasa baki sai uwar ta kau da kai ta ci gaba da tankaɗenta. Mata na ta yaba wa Adda, suna cewa 'ya'yansu su yi koyi da ita. Yabon nan kuwa shi ya kusa kai Shatu kabari.

Shatu tana da ciwo a hanji. Tun tana 'yar budurwa ya same ta, a rugar kakarta inda aka kai ta yaye ta yi zamanta. Wasu suka ce atini ne, wasu suka ce basir, aka sha saƙe-saƙi har aka gaji. Atini yakan zo ya wuce, wannan kuwa gida ya yi. Sai ya kwanta wata da watanni kamar ya tafi, ran da ya tashi sai murɗar ciki, sai zaryar bayan gida, majina da jini, har yarinya ta koma kamar karan dawa. Kakar ce ta lura cewa barkono ke tsokano shi. Ko ƙwaya ɗaya ta shiga miya, kafin rana ta faɗi Shatu na duƙe riƙe da ciki. Tsohuwa ta ja Adda bayan bukka ta gaya mata da murya ƙasa-ƙasa, don zancen bayan gidan budurwa ba abin shela ba ne. Da tsohuwa ta rasu, maganar ta rage a cikin mutum biyu, uwa da 'ya, su kuwa ba sa hira.

Bayan Shatu ta dawo gidan ubanta, Adda ta san yadda ta yi. In za ta kirɓa fura, sai ta cire dunƙule biyu kafin ta zuba citta da barkono, ta ajiye a gefen randa, ba ta ce na wane ne ba. In miya ce, ta ɗebe a ɗan kasko tukuna. Halliru bai taɓa tambaya ba. Ina ruwansa, tuwo dai ya iso zaure da zafinsa. Aka aurar da Shatu ga Haladu, wani manomi a Kanya Babba, yaron kirki, can kuma tukunya a hannunta take, tana yi wa kanta dabara. Da ciki ya tsufa aka kawo ta gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Farkon damina ta sauka lafiya, ɗa namiji.

To, a nan ne Gwaggo Dela ta shigo.

Dela yayar Halliru ce, ita ta goye shi. Rabin matan ƙauyen a hannunta suka yi jego. Tun da uwa ba ta shiga sha'anin 'yar fari, ɗakin mai jego ya zama nata, ta ɗaure zani ta kama aiki. Kada ku ce muguwa ce. Da muguwa ce ai da abin ya zo da sauƙi. Tana son Shatu kamar ranta. Sai dai ta taɓa ganin wata mai jego ta kumbura ta mutu, aka ce sanyi ne ya shige ta don an yi mata sakaci, tun ranar Dela ta rantse ba a hannunta ba. Jikin mai jego ɗanye ne, in ji ta, sai an gasa shi ciki da waje. Waje da tafasasshen ruwa da ganyen runhu, safe da yamma. Ciki da kunun kanwa da yaji.

Yaji kuwa ya zo. Dangin Haladu suka ɗoro shi a jaki, sun sayo a hannun fatake a kasuwar Kazaure: barkono buhu guda, citta, kanumfari, masoro, kimba, ga ƙafafun saniya na kauri, naman da ake dafa wa mai jego har ya yi luguf. Yawan yaji shi ne yawan darajar da surukai suka ba 'yarka, saboda haka Dela ta baje kayan a tabarma, maƙwabta suka zo kallo suna sa albarka. Aka jera turame. Unguwa ta ɗauki atishawa har awaki.

Adda na bakin murhu tana jin luguden taɓare. Ta yi ta juya magana a baki, har dai ta matsa kusa da Dela ta durƙusa.

"Yaya, na ce ko barkonon nan bai yi yawa ba?"

Dela ta dube ta sheƙeƙe. "Yawa? A jego? Ke da me aka gasa ki?"

"Na ga kamar wasu cikinsu ba ya ɗauka."

"Wasu su wa?"

Shi ke nan fa. Su wa? Ga mata cike da tsakar gida, kowa ta tsayar da taɓarya tana saurare. Suna ɗaya za ta faɗa, na 'yar da ta haifa da cikinta, magana ta ƙare. Adda ta sunkuyar da kai ta ce, "Babu kowa, Yaya." Ta koma bakin murhunta. Ni mai ba ku labarin nan, duk sa'ad da na zo nan wurin sai raina ya ɓaci.

Aka dafa kauri, miyar ta yi ja wur. Dela ta kai wa Shatu akushi ta tsaya a kanta. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi babba ba, yaya za ta ce da gwaggonta a'a? Ta ci tana hawaye, Dela na cewa, "Yauwa 'yar albarka, hawayen nan sanyi ne ke fita."

Kafin ranar suna ciwo ya tashi tsaye. Shatu ta fara zarya tsakanin ɗaki da makewayi, tana dafa bango. Dela ta bi ta ta duba, ta ga jini, ta fito da murna.

"Alhamdu lillahi, yaji ya kama aiki. Dattin ciki ne ke fita. A ƙara mata!"

Kun ji fa! A ƙara mata. Ranar suna aka raɗa wa yaro Muhammadu Lawal, gida ya cika da guɗa, mai jego kuwa sai da aka tokare ta da matashi kafin ta zauna. Idanunta sun faɗa, leɓe ya bushe. Mata suka ce haihuwar fari ce, haka take. Ruwan nono ya fara janyewa, jariri ya yi ta tsala kuka. Adda na ɗakinta kamar yadda ya kamaci uwar mai jego, ana shigowa ana yaba kawaicinta, ita kuwa tana jin kukan nan har cikin ƙashinta.

Sai ta yi dabara irin tata. Kullum bayan azahar Dela takan rufe akushin nama ta ajiye wa Shatu, ta tafi gidanta ta duba tumakinta. Adda ta jira ta fita, ta shiga ɗakin kamar mai neman faifai. Ta ajiye 'yar ƙwarya ta kunun gero, babu kanwa babu yaji, da tuwo mai laushi da miyar kuka salam. Ta ɗauke akushin. Ba ta dubi Shatu ba, Shatu ba ta dube ta ba.

To ina za ta kai naman? In ta zubar, kaji su tone, ƙashi ya fito fili, ga alhakin abinci. In ta ba wani, zance ya fita. Dole akushi ya koma wayam kafin Dela ta dawo. Sai Adda ta zaga bayan rumbu, ta tsaya a tsaye ta cinye shi da kanta, tana shaƙewa, majina da hawaye na zuba, harshe kamar an ɗora garwashi. Mace mai jika, a bayan rumbu, kamar ɓarauniya.

Aka yi kwanaki a haka. Zaryar Shatu ta ragu, ta fara samun barci, jariri ya fara kama nono ya yi shiru. Dela na ganin akushi fes sai daɗi ya kama ta, ta riƙa gaya wa maƙwabta cewa ba ta taɓa ganin mai jego mai cin yaji kamar 'yar Halliru ba. Ta ƙara cika akushin. Adda ta ƙara shan wuya a bayan rumbu.

Rannan Dela ta manta goronta, ta juyo daga hanya. Ta ji motsi a bayan rumbu, ta zaci akuya ce ta shiga. Ta leƙa. Ga Adda da ƙashi a baki, akushin mai jego a hannu.

"La'ilaha illallahu!" Dela ta tafa hannu. "Jama'a ku zo ku gani! Uwa na cinye kaurin 'yarta!"

Kafin ka ce me, kawuna sun leƙo ta saman zana, mata sun cika gida. Aka kira Halliru daga zaure. Ya tsaya yana duban matarsa kamar bai taɓa ganinta ba.

"Adda, me ya kai ki? Na hana ki abinci ne a gidan nan?"

Ga dama ta biyu Allah ya kawo mata har gida. Amma in ta faɗi gaskiya, ta nuna wa duniya cewa tana lura da 'yar fari har tana yi mata girki a ɓoye, ta kuma tona abin da ke fita daga cikin yarinya a gaban ubanta. Adda ta dubi ƙasa ta ce, "Kwaɗayi ne, Malam."

Haba Adda! Ta gwammace a kira ta ɓarauniyar nama da a ce ta damu da 'yarta. Kuma abin takaici, matan nan sun fi iya yafe mata kwaɗayin.

Dela ta shiga lissafin kwanakin da aka cuci yarinya, hankalinta ya tashi ƙwarai. Daga ranar ta daina zuwa duba tumaki. Ta zauna a bakin gado, ta riƙa ba Shatu a baki da hannunta, nama da romo, ta barbaɗa yaji har a kunu, wai a rama abin da ya wuce. Shatu ta ce, "Gwaggo, na ƙoshi." Dela ta ce, "Haɗiye, don ranki nake yi."

Ba a jima ba abin ya kai inda za shi. Da hantsi, mata na sussuka a tsakar gida, Shatu ta fito daga makewayi tana tangaɗi. Ta yi taku kaɗan, sai ta zube. Zaninta ya jiƙe da jini. Aka yi kanta da salati. Dela ta tallafo kanta, tana kuka da gaske.

"Na faɗa! Sanyi ya shige ta a kwanakin da aka hana ta. Ku miƙo kunun nan, ku zuba yaji da yawa!"

Aka miƙo. Dela ta cika ludayi ta nufi bakin yarinya.

Adda ba ta san sa'ad da ta taso daga bakin murhu ba. Ta kai wa ludayin nan mari, ya yi sama, ƙwarya ta kife a ƙafar Dela.

"Kada ki ƙara! Shatu tana da ciwo a hanjinta tun tana budurwa. Barkono ke tayar da shi. Wannan jinin hanjinta ne, Yaya, ba wani datti. Kashe ta kike yi! Shatu, buɗe ido. Shatu, ni ce, dube ni!"

Sai wata tsohuwa ta kama baki ta ce, "Ta kira sunanta."

"Har sau uku," in ji wata.

Ikon Allah! Ga yarinya kwance cikin jini, numfashi sama-sama, abin da ya girgiza su shi ne an kira suna. Wata ta ja mayafi ta fice, wai ba za ta tsaya inda aka zubar da kunya ba. Ta tafi, Allah ya raka taki gona.

Halliru ya shigo, ya tarar da yayarsa da kunu a ƙafa tana rusa kuka, wai yau ita aka mara a gidan ƙanenta, ita da ta goye shi. Ya ce da Adda ta durƙusa ta ba Yaya haƙuri, ta koma ɗakinta, a bar masu aiki su yi aikinsu. Adda na zaune a ƙasa da kan Shatu a cinyarta, ta ce haƙuri za ta bayar ko sau nawa ne, amma daga wurin nan ba ta tashi.

Wata mai tallar nono daga rugar su Adda tana bakin ƙofa, ta ga komai. Adda ta yi mata magana da Fillanci, ta ce ta gaya wa Hamma ya zo da takarkari. Hamma yayan Adda ne, shi ke riƙe da rugar tun rasuwar iyayensu. Kafin la'asar ya iso da takarkarin, ya shimfiɗa masa buzu. Bai yi gardama da kowa ba, ya gai da Halliru da ladabi, ya shiga ya ɗauko Shatu kamar ɗan maraƙi.

Dela ta tare ƙofa. "Mai jego a iska, cikin damina? Za ku kashe ta! Halliru, kana gani?"

Halliru ya ce, "Adda, in kika fita da ita, kada ki dawo mini gida."

Adda ta goya jariri, ta ɗaure majanyi. "Na ji, Malam."

A ruga ba wani abin mamaki aka yi ba. Adda ta ci gaba da yi mata wankan runhu safe da yamma, don ita ma tana tsoron sanyi kamar kowa. Abinci kuwa kunu salam, kindirmo kaɗan-kaɗan, in ciki ya karɓa a ƙara, in ya ƙi a dakata. Matar Hamma mai goyo ce, ita ta riƙa taimaka wa jariri da nono. An sha wuya. Akwai ranakun da Adda ta fid da rai, ta zauna a bakin bukka tana kiran Allah a fili, ba ta damu da wanda zai ji ba. Sannu a hankali jini ya ragu, ya koma ɗigo, ya ɗauke. Ciwon ya kwanta, kamar yadda ya saba. Gero ya fara fid da kai lokacin da Shatu ta iya zuwa rafi da ƙafarta.

Arba'in ta daɗe da wucewa, mutanen Kanya Babba suka aiko a ba su matarsu. Gwaggon Haladu ta zo ɗaukarta, wata doguwar dattijuwa marar yawan magana, Dela ce ta rako ta har ruga. Dela na hango Shatu tsaye da tulu a ka, sai ta rangaɗa guɗa.

"Kun gani ko? Ƙarfin yajin da na ɗura mata ne ya riƙe ta. Ba don shi ba, da iskar dajin nan ta gama da ita."

Ta kwance wani ƙulli daga cikin kayanta, ragowar yajin jego, ta danƙa wa gwaggon Haladu. Ta ce a riƙa zuba mata a kunu kowace safiya har ya ƙare, kada a saurari zancen kowa, don uwarta ta sangarta ta.

Adda ta dubi ƙullin. Kanya Babba ba nan kusa ba ce, uwa kuma ba ta bin 'ya gidan miji ta tsaya a kan tukunya. Duk abin da ta yi, ƙullin nan zai warware shi cikin mako guda. Ta buɗe baki ke nan, sai Shatu ta sauke tulu, ta zo ta durƙusa a gaban tsofaffin biyu.

"Gwaggo, Allah ya saka miki da alheri, kin wahala da ni. Amma ba zan ci ba."

"Me kika ce?"

"Ba zan ci ba." Sai ta juya ga gwaggon mijinta. "Inna, ina da ciwo a hanjina. In na ci barkono jini nake zubarwa, kowa ya gani a gidanmu. Ban taɓa gaya wa ɗanku ba don kunya. Yanzu na faɗa. In sai da yaji ake zama a gidanku, ku gaya mini tun a nan."

Dela ta riƙe haɓa. "Uwa ta zubar da kunya, 'ya ta kwashe. Mun shiga uku!"

Gwaggon Haladu ta daɗe tana duban yarinyar, ta dubi wuyan hannunta da ya koma kamar na yaro, ta dubi jaririn da ke bayan Adda. Sannan ta miƙa wa Dela ƙullinta.

"Riƙe, kya sa a miya. Mu uwar Lawal muka zo ɗauka, kuma da ranta muke son ta."

Dela ta karɓa tana huci, ta ce ita dai ta fita haƙƙinsu, ranar da yarinya ta kumbura kada a neme ta. Har ta mutu tana ganin ita aka zalunta.

Hamma ya jawo takarkari. Adda ta kwance jariri ta ɗora wa uwarsa, ta gyara mata majanyi, tana tsokanarsa wai angon nata ya gudu ya bar ta ko kuɗin cefane bai ajiye ba. Shatu ta kama hannunta.

"Inna, ke fa? Baba ya aiko?"

"Hau, rana na yi."

"Inna, ya aiko?"

"Na ce ki hau, Shatu."

Ta hau. Adda ta bi su a ƙasa har bakin rafi, sannan ta juyo ruga ita kaɗai. Halliru bai aiko ba, a daminar nan ko ta gaba. Shekarun da suka rage mata a bukkar da ke bayan ta Hamma ta yi su, tana tatsar shanun da ba nata ba.